Gwangwani Mai Hoton Agwagwa

Da sunan Allah, mai tsaron wanda ya fita da wanda ya zauna.

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Bakura lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya sauron fadama? Ka gaida mini mutumin da ya ɗauke ka gadin shinkafa, shi da iyalinsa. Allah Ya tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, babu abin da ya faru bayanka da ya isa a ɓata masa takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne, ka san kamar kaza ta yi tono yake. Da hannuna na yi shi don maganar ba ta kunnen kowa ba ce sai naka.

Kafin ka wuce wannan layi, ka tashi. Baƙin gwangwanin albarushin babanka, wanda Baffanka Ummaru ya damƙa maka ranar tafiyarka, kada ka cika ko kwanson harsashi ɗaya da abin da ke ciki. In yana ɗakin da kake kwana, ka ɗauke shi a hankali, kada ka girgiza, ka kai shi inuwa nesa da mutane da wuta. Sannan ka dawo ka zauna ka karanta. Na san halinka, kana nan kana murmushi kana cewa tsohuwa ta fara. To na fara, kuma sai na kai ƙarshe.

Karona na farko da albarushi ina amarya ne, a tsohuwar Tungarmu da ruwan Bakolori ya cinye. Damina ta yi nauyi, albarushin babanka ya sha sanyi ya dunƙule. Na ji yana ƙorafi da safe kafin ya tafi gona. Ni kuwa ga son a yaba mini, sai na ɗebi ɗan kaɗan a faifai na ajiye gefen murhu ya sha ɗumi, kamar yadda ake yi wa gishiri. Ina tuƙa tuwo, itace ya yi tartsatsi. Ban ji ƙara ba, fuu kawai na ji, ɗakin girki ya yi fari fat. Da hayaƙi ya lafa babu faifai, babu girata, babu gashin gaban kaina. Kakarka ta leƙo tana tari, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Amarya, mi kinka dahwa haka da ba ya da ƙamshi?" Har na haifi yayarka ana kirana Mai-gira a Tunga.

Babanka bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Albarushi ba ya da aboki. Ko ni da ka ɗaukar shi kullum, bai san ni ba." Ka riƙe wannan. Kada ka kusantar da shi murhu ko fitila ko garwashin mai shayi. Kada ka daka wanda ya dunƙule, kada ka goga ƙarfe da ƙarfe kusa da shi. Tabar nan kuma da kake sha bayan rumbu kana tsammanin hancina ya mutu, ka san inda za ka kunna ta.

Wannan kuskure girata kawai ya ci, ta kuwa sake fitowa. Sauran ba haka suke ba.

Lokacin da aka fara aikin dam, masu awo sun cika daji da sandunansu masu ja da fari. Babanka ne yake yi musu jagora, don babu kwazazzabon da bai sani ba daga Tunga har Dosara. A cikinsu akwai wani Bature mai son harbin agwagwar ruwa. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa babanka bindiga mai baki biyu, wadda take hannunka yanzu, da kwansuna na wofi da ake sake cikawa, da wani koren gwangwani na albarushin ƙasarsu. A jikin gwangwanin akwai hoton agwagwa ta buɗe fukafukai za ta tashi daga ruwa. Auta, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ni da kwanukan jerena duk fentinsu ya ɓare, idona ya faɗa kan gwangwanin nan bai sake tashi ba.

Tun daga nan albarushi ya zama iri biyu a gidanmu. Namu na gado, na adaka, tsohuwar bindigar babanka ta ɗuri, baƙi ne kamar garin gawayi, yana ɓata hannu, in aka harba hayaƙinsa ya rufe mutum. Na Bature ƙanana ne masu faɗi kamar riɗi, launin toka, ba ya hayaƙi, kuma kaɗan ɗinsa ya fi namu mai yawa ƙarfi. Na ji babanka yana gaya wa Baffanka a zaure, "Wanga in ka auna shi da ma'aunin wancan, to likkahwaninka ka auna." Bai taɓa barin su kusa da juna ba. Baƙin gwangwani yana rataye a ɗakinsa, koren kuwa yana cikin tsohuwar randa a wuri mai sanyi. Da kunnena na ji wannan magana, kada ka ce ban sani ba ne.

Ka san al'adar gidan maharba, mace ba ta taɓa kayan farauta, ba ta kuma sa baki a zancensu. Ni kuwa in babanka ya fita sai in buɗe randar in ɗauko koren gwangwani in yi ta kallon agwagwa. Har murfin nakan buɗe. Da farko warinsa mai kaifi ne amma ba mai muni ba, irin warin ɗakin allura na asibitin Mafara. Wata bazara mai zafi na buɗe, sai wani wari mai tsami ya soke ni a hanci har idona ya kawo ruwa. A cikin murfin ga wata jar ƙura ta kwanta kamar garin jar kanwa, tsatsa kuma ta fara cin ƙarfen ta ciki, alhali ruwa bai taɓa shi ba. Jikina ya ba ni abin nan ya lalace. Amma in na faɗa, sai a tambaye ni yadda aka yi na sani. Na mayar da murfi na rufe randa na ci gaba da sharata.

Ga abin da zan gaya maka a kan wannan. Albarushin Turawa yana tsufa, kuma ba ya tsufa cikin mutunci. In warinsa ya koma tsami yana yaji a hanci, in ka ga jar ƙura ko tsatsa a cikin murfi, in ƙwayoyinsa sun manne da juna ko sun yi danƙo, to ya gama zama abin harbi. Kada ka ce bari in gwada ɗaya in gani. Kuma in ka ga abin da zai cuci wani, ka faɗa ko da faɗar za ta tona ka. Kunyar yini ɗaya na guje wa, ga shi na kwashi ta shekaru.

Sai ranar tashi. Kana ƙarami lokacin, ban sani ba ko kana tuna yadda ruwan ya zo. Ba ambaliya ya yi ba, ba ƙara ba igiya. Sanɗa yake yi. Ka kafa kara a bakinsa da safe, kafin azahar karan yana tsaye cikin ruwa. Ɓeraye da macizai suka riƙa shigowa gari da rana tsaka, tare, babu mai kula wani. Tsuntsaye suka bar tsamiyar bakin rijiya, wadda tun kakanni ake zuba wa nono a gindinta. Garin ya yi tsit, ko jaki ba ya kuka. Ranar da motoci suka zo kwasarmu zuwa sabon matsuguni wajen Maradun, ruwa ya riga ya taɓa saiwar tsamiyar.

Maza duka suka tafi maƙabarta yin sallama da iyayensu, don ba a iya ɗaukar kabari a mota. Aka bar mu mata da ɗaurin kaya, direba yana ta danna ham. Na shiga ɗakin babanka. Koren gwangwani saura kaɗan a gindinsa, baƙin kuwa rabi ne. Sai zuciya ta ce mini, gwangwani biyu na mene ne a wannan rana, ai albarushi albarushi ne. Ƙarya nake yi wa kaina, agwagwar nake so. Na juye na Bature cikin baƙin gwangwani, na girgiza har ya ɓace a ciki, na rufe. Koren na tura shi ƙarƙashin zannuwa a cikin kwallata. Duk abin bai kai tsawon alwala ba.

Da muka sauka babanka yana duba kayansa, ya ce, "Ina gwangwanin Bature?" Na ce ina jin an manta da shi cikin randa. Ya kalli wajen da Tunga take, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, bari kihi su yi halbi da shi."

Kada ka taɓa haɗa albarushi biyu, Auta, ko da ka ga kamanninsu ɗaya. Kada ka raba shi da gwangwanin da ya zo a ciki, don rubutun jikin gwangwanin shi ne sunansa. Wanda ka tarar a kwalba ko ƙunshi ko gwangwanin da ba nasa ba, ko wa ya ba ka, ko wa ya rantse maka, ba ka san shi ba.

Ƙasar da aka ba mu tsakuwa ce, ka fi kowa sani, kai ka yi ta fama da ita har ka gaji ka tafi. Shekarar farko gero bai yi ba. Babanka ya jingine mai baki biyu tun da a saninsa babu abincinta, ya koma ga adakarsa. Wata safiya bayan rana ta ɗaga ya ce zai zaga ko ya samo gada. Ina tsakar gida ina surfe, na gan shi ta ƙofa ya sauko da baƙin gwangwani yana cika ƙahonsa na zuba albarushi. Bai duba ba. Wa yake duba abin da ya saba da shi tun yana yaro? Taɓaryata ta tsaya a sama. Na buɗe baki, sai na ce wa kaina ai ɗan kaɗan ne, na mai yawa zai rinjaye shi. Na saki taɓarya cikin turmi.

Karensa Duna, wanda ko masallaci sai an kore shi yake barin binsa, ranar ya ƙi tashi. Babanka ya yi fito, ya kira, ya yi tsawa. Karen ya zo ya kwanta a ƙofar ɗakina, ya ɗora haɓa a ƙasa, ya kafa mini ido. Ba ubangidansa yake kallo ba, ni yake kallo. Babanka ya ce, "Yau kuma lalaci ka ji? Zamna ka taya mata daka." Ya saɓa bindiga ya fita.

Na san muryar adakar nan kamar yadda na san tarin mai ita. Ƙarar da na ji kafin azahar ba tata ba ce. Gajera ce, busasshiya, kamar an fasa babban dutse. Ban jira an zo an gaya mini ba, na zauna a ƙasa inda nake. Baffanka da wasu manoma suka kawo shi a kan ƙyauren kara. Bakin bindigar ya tsage kamar karan dawa. Ba zan rubuta maka yadda fuskarsa da wuyansa suke ba. Ya kai la'asar da ransa, yana cikin hankalinsa, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ban san mi ya samu adaka ba. Ma'aunina guda na tun ina yaro." Ina durƙushe kusa da kansa ina yi masa fifita. Ya tafi yana tuhumar hannunsa.

Kafin a yi sadakar uku gari ya samo dalili. Aka ce mutanen tsamiya ne, an bar su cikin ruwa ba a yi musu sallama ba, kuma babanka ne ya nuna wa masu awo hanya, don haka da shi suka fara. Masunta suka ƙara da nasu. Suka ce in kwalekwale ya bi ta saman Tunga da tsakar rana, ana jin harbi daga ƙarƙashin ruwa, dum, dum, da albarushin Bature da aka bari cikin randa. Da wannan labari ka girma, da shi ake hana ku wanka a wajen.

Ni kaɗai na san babu komai cikin randar nan. Gwangwanin yana cikin kwallata, na zuba allurai da kwalli. Amma bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani rani da ruwa ya ja baya har kan tsamiyar ya fito, baƙi, babu ganye, na je wanki bakin ruwa ni kaɗai. Rana tana tsaka, babu iska, babu kowa. Na ji shi. Ba dum irin na masunta ba, waccan gajerar busasshiyar ƙarar ce, daga ƙasan ruwa, sau ɗaya. Ruwan bai ko motsa ba. Na bar sabuluna a wurin, ban kuma sake zuwa ba. Ban sani ba ko kunnena ne ko zuciyata, amma na san ba kifi ba ne.

Kuskurena na ƙarshe ya fi sauran tsawo, shi ne na bar iskoki suka ɗaukar mini kayana. Na ji daɗin labarin tsamiya, Allah Ya gafarta mini, don ya rufa mini asiri. Baffanka ya kwashe kayan farauta ya kai gidansa. Sau ɗaya na ce masa da an zubar da albarushin nan, ya ce, "Gadon maraya ba a zubar da shi." Ban sake tayar da maganar ba. Shi ba maharbi ba ne, na ce abin zai yi ta barci a can har mu mutu.

Sai ga shi shekaranjiya a zaure, kana shirin tafiya, ina tsaye bayan ƙofa. Baffanka ya ce harsashi ya yi tsada, ga mai baki biyu, ga kwansunan ubanka, ga abin cika su. Ya warware farin ƙyallen da ya naɗe baƙin gwangwanin. Ka ga abin da na gani? Ƙyallen ya yi jan tabo ta ciki kamar an zubar da lalle. Warin nan na randa ya taso ya same ni har inda nake, bayan duk shekarun nan, bai canza ba. Baffanka ya kama hannunka ya ɗora a kai ya ce, "Taɓa ka ji, ɗana. Shina da ɗumi awa mai rai. Albarkar ubanka ta." Ya nuna maka layar da ya sa aka ɗaure a wuyan gwangwanin saboda mutanen tsamiya, ya ce yanzu ba abin da za su iya. Na ga fuskarka ta yi haske. Ka zo ka durƙusa gabana, na ce Allah Ya kiyaye hanya. Abin da na ce ke nan. Duna ya daɗe da mutuwa, amma wallahi da na juya sai da na dubi ƙofar ɗakina.

Baffanka da zuciya ɗaya ya ba ka, bai san komai ba. Amma ɗumin nan ba albarka ba ce. Na Baturen ne yake cin kansa a ciki, kuma wanda ya kai haka yana iya kamawa da wuta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Layar kuwa an rubuta ta ne don wani maƙiyi da bai taɓa shiga gidanmu ba. Ba ta san ni ba, balle ta tsare ka daga abin da na yi.

Ga yadda za ka yi. Kada ka sake buɗe shi, in murfin ya cije kada ka sa masa wuƙa. Kada ka bar shi a rana ko ƙarƙashin rufin kwano. Kada kuma ka jefa shi a magudanar ruwan shinkafa kana cewa ka huta. Namu baƙi ruwa yana kashe shi, na Bature kuwa kwanciya kawai yake yi, ranar da ya bushe ya tashi, yaron wani ya tsinta. Ka bar shi inda ka ajiye, ka sa ƙaya ka kewaye, ka ɗauki takardar bindigarka ka je wurin 'yan sandan Bakura ka ce ga tsohon albarushi da ya lalace, a zo a ɗauka. Akwai waɗanda aikinsu ke nan. In ka riga ka cika wasu kwansuna, ka haɗa musu da su duka, kada ka rage ko ɗaya. Na san shinkafa ta fara fitar da kai, tsuntsayen jan-baki da gadu, aladen daji, ba za su jira ka ba. Ka kore su da bugun gwangwanin wofi da majajjawa kamar kowa kafin Talata. Ranar jar akuyata za ta je kasuwar Mafara, a saya maka sabon harsashi cikin kwalinsa. In kuma wata rana ka nace sai ka koyi cika kwanso, ka koya wurin wanda ya iya karanta rubutun gwangwani, da albarushin da aka buɗe a gabanka.

Direban da zai ba ka wannan takarda zai ba ka wani ƙunshi. Koren gwangwanin ne, na juye alluraina. Agwagwar tana nan, har yau ba ta tashi ba. Na aiko maka ne don kada ka ce tsufa ne ya sa nake sambatu. Ka riƙe shi a hannunka ka gani ba ya ƙarƙashin ruwa. In ka so ka nuna wa Baffanka, ka nuna wa yayarka, ka nuna wa duk wanda ya taɓa gaya maka labarin tsamiya. Ban roƙe ka ka rufa mini ba, na gaji da rufi.

Na san abin da wannan takarda za ta iya ci mini. Kai ne kake shigowa da safe ka zauna bakin gadona ka sha ragowar kununa. Mai yiwuwa daga yau ba za ka iya kallon fuskata ba, kuma ba zan ce ka yi laifi ba. Ina jin tsoron haka ƙwarai, na kwana biyu ina auna shi. Amma na riga na gwada yin shiru, na ga abin da ake kawowa a kan ƙyauren kara. In za ka yi fushi da ni, ka yi shi da idonka biyu da hannunka biyu, ka daɗe kana yi har ka yi furfura. Na yarda.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya tsare ka daga wuta da ƙarfe, Ya sa shinkafar da kake gadi ta yi albarka. Allah Ya jiƙan babanka, Ya gaya masa abin da na kasa gaya masa, cewa ma'auninsa daidai yake. Ko ba za ka rubuto ba, ka gaya wa direba kalma ɗaya, cewa an ɗauke baƙin gwangwanin. Zan tsaya a bakin hanya ranar da motarsa za ta dawo.

Ni ce,
Innarka.